Martin McGuinness: Daga kwamandan IRA zuwa kujerar mulki a Ailan ta Arewa

A filinmu na tarihi na wannan mako mun leƙa Ailan ta Arewa, yankin da ke ƙarƙashin Birtaniya, inda aka shafe kusan shekara 30 ana zub da jini, mutum sama da 3,500 suka rasa rayukansu. Ɓangare ɗaya, galibinsu 'yan Furotesta, suna son ci gaba da zama da Birtaniya. Ɗaya ɓangaren, galibinsu 'yan Katolika, suna son a haɗe tsibirin Ailan ya zama jamhuriya guda. Martin McGuinness ɗan ɓangare na biyu ne.

An haife shi a 1950 a birnin Derry, ya tashi a unguwar talakawa ta Bogside. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi yaron mahauci. A lokacin 'yan Katolika na kukan wariya wajen rabon gidaje da aikin yi da shata mazaɓu. Ya shiga ƙungiyar IRA mai ɗauke da makamai, kuma daga baya ya amsa da bakinsa cewa shi ne na biyu a shugabancinta a Derry ranar 30 ga Janairun 1972, ranar da sojojin Birtaniya suka harbe masu zanga-zanga 13 a birnin. A Yulin shekarar, gwamnatin Birtaniya ta kai shi Landan a asirce tare da Gerry Adams da wasu domin tattaunawa, amma zaman bai haifar da komai ba. Sau biyu aka ɗaure shi a Jamhuriyar Ailan, a 1973 da 1974.

A 1982 ya ci zaɓen majalisar yankin a jam'iyyar Sinn Féin, ya ƙi shiga zauren. A 1997 ya ci kujerar Mid Ulster a majalisar dokokin Birtaniya, nan ma bai taɓa zama ba, domin jam'iyyarsa ba ta rantsuwar biyayya ga Sarauniya. Shi ne ya jagoranci tawagar Sinn Féin a tattaunawar da ta kai ga yarjejeniyar Belfast ta 10 ga Afrilun 1998, wadda kashi 71 cikin 100 na masu zaɓe a yankin suka amince da ita. Yarjejeniyar ta tanadi raba mulki tsakanin ɓangarorin biyu, da sakin fursunoni, da ajiye makamai. Ta kuma ce yankin zai ci gaba da zama a Birtaniya har ranar da mafi rinjayen mutanensa suka zaɓi akasin haka. Wannan ba ƙaramin sassauci ba ne ga mutumin da ya ɗauki bindiga don a kori Birtaniya.

A Disambar 1999 aka naɗa shi ministan ilimi. A 2005 IRA ta sanar da kawo ƙarshen yaƙinta. Ranar 8 ga Mayun 2007 kuma aka ga abin da ba a taɓa zato ba: Ian Paisley, faston da ya shafe shekaru yana la'antar IRA, ya zama Babban Minista, McGuinness ya zama mataimakinsa, muƙamai biyu da doka ta ba su iko daidai wa daida. Har 'yan jarida suka riƙa yi musu ba'a saboda yawan dariyar da suke yi tare.

Jarrabawa ta zo a Maris 2009, lokacin da wasu da suka ɓalle daga IRA suka kashe sojoji biyu da ɗan sanda ɗaya. McGuinness ya tsaya kusa da shugaban 'yan sanda ya kira makasan maciya amanar Ailan. A Yunin 2012 ya yi musabaha da Sarauniya Elizabeth a Belfast, alhali IRA ce ta kashe ɗan uwanta Lord Mountbatten a 1979. Ya ajiye muƙaminsa a Janairun 2017 kan wata badaƙalar tallafin makamashi, gwamnatin haɗin gwiwar ta rushe har tsawon shekara uku. Ya mutu ranar 21 ga Maris 2017 yana da shekara 66.

Har yau ba a daina jayayya a kansa ba. Shi dai ya ce ya bar IRA tun 1974, da yawa ba su yarda ba. Iyalan mutane da dama da IRA ta kashe sun ce ya tafi kabari da gaskiyar da suke jira, kuma ba mu da bakin da za mu ce musu su manta. Amma ya rinjayi mafi yawan masu bindiga suka ajiye ta ne saboda sun san nasu ne, ya sha wuyar da suka sha.

Mu da muke zaune cikin wasu al'ummu mun san wuyar zama a teburi ɗaya da wanda aka yi rigima da shi jiya, mun kuma san yadda ake saurin kiran mai neman sulhu da sunan wanda aka saye. McGuinness ya sha wannan suna daga nasa mutanen, bai tashi daga teburin ba. A 2024 Michelle O'Neill, wadda ta gaje shi a jagorancin jam'iyyar a yankin, ta zama Babbar Minista, karo na farko da ɓangarensu ya riƙe kujerar.

Allah Ya zaunar da mu lafiya a duk inda muke, amin.

Daga Sakataren Ƙungiya