Tsohuwar Kwalejin Katsina: Ajin da Ya Koma Gidan Tarihi

Wanda ya taso daga Dutsin-Ma ya biyo ta Kurfi ya shigo birnin Katsina, yawanci kasuwa ce ta kawo shi, ko asibiti, ko ziyarar dangi. Ba kasafai ake jin wanda ya ce don tsohon ginin ƙasan nan na unguwar Rafin Daɗi ya zo ba. Abin yana damuna, domin kwalejin horon malamai da ke Dutsin-Ma sunan Isa Kaita take ɗauke da shi, shi kuwa Isa Kaita, Wazirin Katsina, a cikin ɗakunan ginin nan na tsohuwar Kwalejin Katsina ya yi karatu.

An fara karatu a Kwalejin Katsina a 1921, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, sannan Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922. Bukatar Turawa a fili take: makarantun larduna na Arewa ba su da isassun malamai 'yan ƙasa, dole a horar da su. Zaɓen Katsina kuma ba a banza aka yi ba. Garin Wali Ɗan Marina ne da Wali Ɗan Masani, garin hasumiyar Gobarau, wurin da iyaye za su yarda su tura 'ya'yansu ba tare da tsoron za a raba su da addini ba. Ga shi jirgin ƙasa bai iso garin ba, babu hayaniyar ciniki irin ta Kano. Shi kansa Sarki Dikko ya tsaya wa al'amarin.

Shekara biyar ake yi, da Turanci ake koyarwa, kuma an tsananta ƙwarai a kan iya furta shi daidai. Ɗaliban ba su da yawa, amma duba waɗanda suka fito. Ahmadu Bello ya shiga a 1926 ya gama a 1931. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauci a 1928 ya fita a 1933. Akwai Kashim Ibrahim daga Barno, da Aliyu Makaman Bida, da Abubakar Imam, wanda bayan ya gama ya koyar a makarantar Midil ta Katsina, a can ya rubuta Ruwan Bagaja. Malaman aji aka yi niyyar yayewa, sai ga Firimiyan Arewa da Firaministan Nijeriya na farko da Gwamnan Jihar Arewa duk sun fito daga tsakar gida ɗaya. Wasan fayif da Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, a nan hannunsa ya saba da shi.

A 1938 aka kwashe makarantar zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Ginin ya rage a Katsina. A 1959 aka sa shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, daga baya Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta mayar da azuzuwan ɗakunan ajiye kayan tarihi.

In ka shiga, za a zagaya da kai ka ga kayan da aka tono daga ƙasa, da tukwane, da makamai, da kayan sana'o'in gargajiya, da tsofaffin hotuna. Sun cancanci a tsaya a duba. Amma ni a ganina babu abin da ke cikin akwatin gilashi da ya kai ginin kansa daraja. Katanga ce mai kauri ta tubalin ƙasa, rufin azara, wadda in ana zafin bazara a waje kana shiga sai sanyi ya ratsa ka. Maginan Katsina ne suka ɗora shi da hannu, da irin fasahar da suke gina soron sarki da zauren attajiri. Ba a rubuta sunayensu kusa da na ɗaliban ba, amma aikinsu ya haura shekara ɗari yana tsaye.

Ginin ƙasa kuwa ba a barinsa. Kowace damina tana cin rabonta, in ba a bi shi da yaɓe ba, aka gyara indararo, aka duba azarar da gara ta taɓa, wata rana sai a wayi gari bango ya zauna. Masu wannan sana'a suna raguwa, yaransu sun koma bulo da siminti.

Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kwalejin Isa Kaita, ga makarantun sakandare har Kurfi. Tafiyar ba ta da nisa, mota ɗaya ta ishi aji guda su je da hantsi su dawo kafin la'asar. Ɗalibin da ake horarwa ya zama malami a Dutsin-Ma ya kamata a kai shi Rafin Daɗi, ya zauna a ɗakin da Isa Kaita ya koyi riƙe alli.