Sea Pines: Gadar Da Ta Sauya Tarihin Wani Tsibiri

A gaɓar tekun Atilantika, cikin jihar Carolina ta Kudu a Amurka, akwai wani tsibiri da ake kira Hilton Head. A yau an san shi ne da wurin shaƙatawa na Sea Pines, inda masu hannu da shuni ke zuwa hutu da buga wasan golf. To amma kafin a shimfiɗa ciyawar wasan, tsibirin yana da mutanensa.

A da can gonakin auduga ne, bayi 'yan asalin Afirka ta Yamma ke noma su. Da sojojin Arewa suka kama tsibirin a 1861, lokacin yaƙin basasar Amurka, sai iyayen gijin suka tsere. A 1862 aka kafa wa 'yantattun bayin garin Mitchelville, daga baya wasunsu suka sayi filaye. Jikokinsu, waɗanda ake kira Gullah, sun yi kusan shekara 90 suna noma da kamun kifi, ba hanyar fita sai ta jirgin ruwa.

A 1950 wasu 'yan kasuwar katako, ciki har da Joseph Fraser, suka sayi dazuzzukan tsibirin. Ɗansa Charles, wanda ya karanta aikin lauya a Jami'ar Yale, ya hango abin da ya fi katako riba: a bar itatuwan a tsaye, a gina gidaje a tsakaninsu. Da aka buɗe gada a 1956, sai ya tsunduma aikin Sea Pines a kudancin tsibirin. A 1969 Pete Dye ya tsara filin wasa na Harbour Town da shawarar Jack Nicklaus, kuma Arnold Palmer ya lashe gasar Heritage ta farko. Nan da nan sunan wurin ya bazu.

Sai dai kuɗin ƙasa na tashi, haraji ya biyo baya. Galibin filayen Gullah na gado ne, ba wasiyya, ba a kuma raba su ba. Idan magaji ɗaya ya sayar da kasonsa, mai sayen kan garzaya kotu, ita kuma ta sa a yi gwanjon filin baki ɗaya. Haka gonaki da dama suka suɓuce, sannu a hankali.

Har yanzu, dab da filin Harbour Town, akwai maƙabartar Gullah ta Braddock's Point. Mai son ziyartar kabarin kakansa sai ya bi ta ƙofar masu gadi tukuna.