Wakilin yaro a kotu

Wakilin yaro a kotu mutum ne da alƙali ke naɗawa domin ya tsaya wa yaron da ake shari'a a kan riƙonsa ko kariyarsa, musamman maraya, ko wanda aka yasar, ko wanda aka ci zarafinsa a gida. Aikinsa shi ne ya ziyarci yaron, ya ji ta bakin dangi da malamai da jami'an jin daɗin jama'a, sannan ya faɗa wa kotu abin da ya fi zama maslaha gare shi, ko da hakan ya saɓa wa son ran iyaye.

A Amurka, alƙali David Soukup ne ya fara sa 'yan sa-kai wannan aiki a birnin Seattle a 1977, tsarin da aka sani da CASA.

A Nijeriya, Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ba kotu ikon naɗa irin wannan wakili, ta kuma tanadi kotun iyali. Jihar Sakkwato ta daɗe ba ta karɓe ta ba, sai a 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a kan Dokar Kare Yara ta jihar.

Sai dai a Taloka da sauran garuruwan Wurno, Rabah da Goronyo na jihar, maganar maraya kan tsaya ne a hannun baffanni da kawunnai da mai gari. In ta kai kotun shari'ar Musulunci, fiƙihun Malikiyya ya ba alƙali damar naɗa mai kula da dukiyar marayan da ba shi da wasiyyi. Hare-haren 'yan bindiga a gabashin Sakkwato sun ƙara yawan yaran da dangin da za su tsaya musu suka watse.