Yadda Gidan Haya Ya Samo Asali a Kafanchan

Kafin hanyar jirgin ƙasa ta ratsa ƙasar Jama'a, ba al'ada ba ce mutum ya biya kuɗi domin ya kwana a ɗakin wani, gama Fantsuwam da Kaninkon da Bajju kowa a gidan kakanninsa yake zaune, Bahaushe bafatake kuwa in ya iso da jakunansa wurin fatoma yake sauka, a ba shi ɗaki da tuwo, a nemo masa mai saye, mai masauki ya wadatu da la'adar ciniki. Hukuncin haya ya riga mu'amalar zuwa, domin malamai sun daɗe suna karanta babin ijara a cikin Risala da Muhtasar, sun san ba ta inganta sai an ambaci ajali an ambaci lada. Abin da ba a samu ba tukuna shi ne baƙon da zai zauna shekara da shekaru yana karɓar albashi.

Reluwe ce ta kawo wannan baƙo. Layin da ya taso daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu da Makurɗi, a Kafanchan ya rabu biyu, reshe guda ya nufi Kaduna, guda kuma ya hau Jos wajen kuza a 1927, kuma bai fi shekara shida ba bayan haka, a 1933, Sarkin Jama'a da kansa ya taso da fadarsa zuwa sabon garin. Hukumar jirgi ta gina wa ma'aikatanta kwatas, amma ina za ta kai leburori da teloli da masu tuwo-tuwo da 'yan tireda, Inyamurai da Yarbawa da Hausawa, waɗanda suka biyo ƙarar jirgi? Sai duk wanda ya tara 'yan fam ya sami fili ya jera ɗakuna suna duban juna, rijiya ɗaya, madafa ɗaya, makewayi ɗaya, ya rufa da kwano saboda ruwan wannan ƙasa ba ya raga wa soron ƙasa. Wata-wata ake biya, tun da wata-wata albashi yake fita, kuma mai gida mai hankali ranar biyan ma'aikata a bakin zaure yake wuni, kada kuɗinsa su riga shi isa kasuwa.

Babbar jarrabawa ta zo a 1966, sa'ad da mutanen Gabas suka bar Arewa suka bar gidajensu a hannun maƙwabta. Da yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, a garuruwan Arewa da dama akwai waɗanda suka komo suka tarar an toshe yoyo, an tara musu kuɗin haya, aka ƙirga aka miƙa musu. A ganina da wannan ma'auni ya kamata a auna wakilan masu gidaje na yau, masu karɓar kashi 10 cikin 100, waɗanda wasunsu ba su san hanyar gidan ba sai ranar kai takardar notis.

Da jirgi ya soma ja da baya daga shekarun 1980, albashi da fansho suka riƙa makara, sai masu gidaje suka juya ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ɗalibai, musamman bayan da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, ta buɗe reshe a garin. Biyan wata ya koma biyan shekara tun kafin a ba da mabuɗi, gardama kuma ta koma kan kuɗin wuta da wanda zai kwashe masai.

Amma abin da ya fi canza lissafin mai gida fitina ce: ta watan Maris 1987 wadda ta faro daga Kwalejin Ilimi, da ta 1999, da ta Afrilun 2011 wadda ta ci kasuwar garin. Tsakar gidan da a dā Musulmi da Kirista suke ɗiban ruwa a rijiya guda ta yi ƙaranci, mutane suka sayar da gadonsu da araha suka koma inda nasu suka fi yawa, har ya zamana gida biyu masu gini iri ɗaya kuɗinsu ya bambanta saboda unguwa kurum. Yau mai neman ɗaki a Kafanchan yakan tambayi su wa ke zaune a layin kafin ya tambayi nawa ne ciki da falo.