«King Kong»: wasan waƙa na Afirka ta Kudu da aka farfaɗo da shi shekaru 58 bayan fara nuna shi

«King Kong» wasan kwaikwayo ne na dandali wanda ake ba da labarinsa cikin waƙa da rawa da kiɗan jaz. Ba shi da alaƙa da fim ɗin Amurka na ƙaton goggon biri. Sunan laƙabi ne na Ezekiel Dlamini, wani shahararren ɗan damben Afirka ta Kudu da ya kashe budurwarsa. An yanke masa ɗaurin shekaru 12, sannan ya nitse a ruwa a gidan kaso a 1957.

An fara nuna wasan ranar 2 ga Fabrairu 1959 a babban zauren jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg. Todd Matshikiza ne ya tsara kiɗan, Pat Williams ta rubuta waƙoƙin, Leon Gluckman kuma ya ba da umarni. Ƴan wasan dukansu baƙar fata ne. A lokacin dokokin wariyar launin fata sun raba wuraren taruwa, amma a zauren jami'ar baƙi da farare suka kalli wasan. Miriam Makeba ce ta fito a matsayin Joyce, uwar gidan wata mashaya, Hugh Masekela kuma yana cikin mabusa.

Bayan zagayen biranen ƙasar, an kai wasan Landan a 1961, shekara guda bayan kisan Sharpeville. Da yawa daga cikin ƴan wasan suka zaɓi zama a waje maimakon komawa ƙarƙashin mulkin wariya. Makeba, wadda ta riga su fita tun 1959, an soke mata fasfo a 1960, ba ta sake taka ƙasar haihuwarta ba sai 1990. Haka wasan da ya fito da su duniya ya zama sanadin watsewarsu.

A 2017 gidan wasan Fugard na Cape Town ya farfaɗo da shi ƙarƙashin jagorancin Jonathan Munby, daga baya aka kai shi Johannesburg, birnin da ya fara. Matshikiza bai ga wannan rana ba, domin ya rasu yana gudun hijira a Lusaka a 1968. Makeba ma ta rasu a 2008.