Gajeren Labari a Adabin Hausa: Dalilan da Suke Sa Marubuta Rungumarsa

Gajeren labari, a wurin manazarta adabi, shi ne ƙagaggen labarin da aka gina a kan al'amari guda, da taurari ƙalilan, wato mutanen da labarin yake gudana a kansu, wanda kuma mai karatu zai iya kammalawa a zama ɗaya. Ra'ayin da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu karatu shi ne cewa wannan nau'i tsani ne kawai da sabon marubuci yake takawa kafin ya kai ga rubuta cikakken littafi. Wannan maƙala tana ganin cewa ra'ayin bai cika ba, domin marubutan Hausa suna zaɓen gajeren labari ne saboda gadon da suka taras, da kafar da rubutun zai bi ya isa ga jama'a, da kuma wani ƙarfi da nau'in yake da shi wanda dogon labari ba shi da irinsa.

Ta fuskar gado, gajeren zance ya girmi dogo a ƙasar Hausa, kasancewar tatsuniya da almara da hikaya duk labarai ne da ake farawa a kuma rufe a hira guda, kamar yadda tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 ya nuna. Ko da Rupert East ya shirya gasar 1933 a Zariya don samar da dogayen ƙagaggun labarai, littafin da ya fi shahara a cikinta, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ya fito ne a matsayin jerin aukuwa da ake iya cire kowace ta tsaya da ƙafarta, abin da ya ɗinke su kuwa shi ne tafiyar tauraron littafin, Alhaji Imam, da karonsa da Malam Zurƙe. A Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939, Imam ya fito fili da wannan zubi, inda ya tara labarai sama da 80 a ƙarƙashin labarin wani aku mai hikima, wanda a juzu'i na farko yake jan hankalin ɗan sarki da labari bayan labari don ya hana shi fita daga fada. Ke nan marubucin da ya zaɓi gajeren labari a yau yana kan tsohuwar turba ne.

Dalili na biyu ya shafi kafar isar da rubutu. Adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuta suka riƙa bugawa da kuɗinsu tun daga tsakiyar shekarun 1980, ya fifita dogon labari, saboda ana kasa littafi zuwa na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke shi a daidai inda zuciyar mai karatu ta rataya domin ya komo ya sayi na gaba. Tarin gajerun labarai ba ya jure wa wannan dabara ta ciniki, don haka nau'in ya sami mafaka a shafukan jarida da gidajen rediyo da gasanni. Mafi tasiri a cikin waɗannan ita ce gasar Hikayata ta mata zalla da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, wadda ta ƙayyade labari tsakanin kalmomi 1,000 da 1,500, kuma ake karanta zaɓaɓɓun labaranta a rediyo. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da Sansanin 'Yan Gudun Hijira, Aishatu Musa Dalil daga Kaduna ta lashe ta a 2021 da Haƙƙina, sannan Amira Souley daga Maraɗi ta yi nasara a 2022 da Garar Biki. Ga matar aure da hidimar gida ta cinye wuninta, ko ɗalibar da ba ta da kuɗin maɗaba'a, labarin da za a rubuta a wayar hannu bayan sallar isha'i, a kuma tura ba tare da sayen takarda ba, shi ne ƙofar da ta fi kusa.

Sai dai sauƙin bugawa bai isa ya bayyana dalilin da ya sa gwanaye suke komawa ga nau'in ba. A cikin kalmomi 1,500 babu filin jero asalin tauraro da tarihin kakanninsa, dole marubuci ya fara kusa da ƙololuwa, wato inda rikicin labari yake kai maƙura, ya kuma bar mai karatu ya cike giɓin da tunaninsa. Wannan matsi ne yake ba da damar ɗaukar jigo mai nauyi, kamar fyaɗe ko maraici ko gudun hijira, a nuna shi ta idon mutum ɗaya ba tare da an narkar da zafinsa cikin hirar soyayya ba. Labarin Bayan Layi na Elnathan John, haifaffen Kaduna da yake rubutu da Ingilishi, misali ne mai kyau, domin ya taƙaita a kan wani almajiri da ya faɗa cikin yaran da suke kwana a gindin kuka, waɗanda 'yan siyasa suke haya lokacin zaɓe. Labarin ya shiga zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013, daga baya ya zama babin farko na littafinsa Born on a Tuesday. Masu ra'ayin tsani za su kafa hujja da wannan, amma alƙalan gasar sun yaba da labarin ne tun yana shi kaɗai, kafin littafin ya wanzu.

Akwai kuma amfanin da ya shafi makaranta. Malamin adabi yana iya karanta gajeren labari tare da ɗalibai, su fitar da jigo da salo a darasi guda, sannan ya sa kowa ya rubuta nasa ya kuma duba su duka, abin da ba ya yiwuwa da littafi mai kashi uku.

Babbar matsalar nau'in ita ce rashin taskacewa, domin da yawa daga labaran da ake rubutawa suna watsuwa a WhatsApp da Facebook, su ɓace kafin wani manazarci ya gan su. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kamfanonin ɗab'i da ƙungiyoyin marubuta su riƙa tace waɗannan labarai suna buga su cikin kundi a kowace shekara, hukumomin ilimi kuma su sanya irin waɗannan kundaye cikin manhajar sakandare.