Tsohuwar Hanyar Katsina Zuwa Bakin Bahar Rum

A watan Nuwamba na 2023 gwamnatin soja ta Nijar ta soke dokar nan ta 2015 wadda ta haramta jigilar baƙin haure ta Agadas. Tarayyar Turai ta nuna ɓacin ranta a fili, direbobin Agadas kuwa suka yi murna, motoci suka koma fita da rana tsaka bayan shekaru takwas ana satar hanya. Labarin bai tsaya a Nijar ba. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda 'yan bindiga suka raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, tafiya ci-rani Libiya ko Aljeriya ta daɗe da shiga lissafin samari. Wanda Allah ya kai shi gaɓar teku lafiya, yakan turo hoto gida ta WhatsApp: ga shi tsaye da sabuwar riga, ruwa shuɗi a bayansa iya ganin ido. Sai a yi ta miƙa wayar hannu zuwa hannu a tsakar gida.

Mutane da dama na ɗaukar wannan tafiya a matsayin abin da talaucin zamani ya ƙago. Alhali gaɓar da Turawa ke tururuwa zuwa wanka da cin gasasshen kifi, ita ce zangon ƙarshe na tsohuwar hanyar fataucin Katsina, kuma Hausawa sun taka yashinta tun kafin a aza tubalin otal ko ɗaya a wurin.

Farkon abin yana da duhu. An san garuruwan Rumawa na gaɓar Libiya, irin su Sabrata da Labda, suna karɓar kaya daga cikin hamada tun shekaru kusan dubu biyu da suka wuce, amma babu mai iya nuna cewa kayan daga ƙasar Hausa suke fitowa. Haske ya fara bayyana ne a shekarun 1490, lokacin da Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano da Katsina. Zuwa ƙarni na 18 birnin Katsina ya zama babbar kasuwar Sudan ta tsakiya. Larabawan arewa suna da gidajensu a unguwar Albaba, ayari kuma yakan tashi ya bi ta Tasawa da Damargu, ya huta a Agadas, ya ratsa duwatsun Azbin zuwa Gat, daga nan Gadamus, sai Tarabulus a bakin ruwa. Tafiyar watanni ce.

Birni ba ya ciyar da kansa. Ƙasar da ake kira Katsina Laka, wato kudancin masarautar inda Pauwa da Kogo da Maska da Gozaki suke, ita ce mai ruwan sama da ƙasa mai nauyi, mai ba da dawa da auduga da baba. Sunayen nan ba su mutu ba: hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwa, na Sabuwa kuma Kogo. Audugar wannan yanki ita ake kaɗawa a saƙa a rine, tufafin su bi Buzaye arewa tare da jar fatar akuya wadda Turawa suka riƙa kira fatar Maroko don ba su san inda aka jeme ta ba. Akwai hauren giwa, daga baya aka ƙara da gashin jimina. Akwai kuma mutane, domin bayi suna cikin manyan hajojin wannan hanya, kuma duk marubucin da ya tsallake wannan don ya ƙawata tarihi ya ci amanar waɗanda aka kora cikin rairayi.

Abin da ya dawo daga bakin teku har yanzu yana jikin mutane. A duba hakimi ranar hawan sallah: alkyabbar da ya yafa da jar darar da ke ƙarƙashin rawaninsa, dukansu kayan arewacin Afirka ne, kuma a tsohuwar kasuwar Tunis har yau akwai layi guda na masu yin wannan jar hula. A ɗaga takardar tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gidan malamai a haska ta da rana, sau da yawa za a ga tambarin jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikinta. A ƙasar Fenis ta Italiya aka yi ta, jirgin ruwa ya sauke ta Tarabulus, raƙumi ya ƙarasa da ita. Haka alharini da madubi da allura da ruwan takobi daga Jamus.

Bahaushen da ya fi kowa barin cikakken labarin wannan gaɓa yaro ne, sunansa Dorugu. An haife shi a ƙasar Damagaram, kusa da Kance, aka kama shi yana ƙarami aka sayar a Barno. Bature Overweg ya 'yanta shi, bayan rasuwarsa kuma yaron ya bi Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim. Da shi aka zo Katsina a 1853, da shi aka je Sakkwato da Tambutu. A ƙarshen watan Agusta na 1855 suka fito daga hamada suka ga tekun Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta, suka sauka Marsai a kudancin Faransa, suka wuce Faris da Landan. A Ingila wani mishan mai suna Schön ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. A ciki yaron ya kwatanta jirgi da ruwa da yadda Turawa ke zama a tebur da cokula da wuƙaƙe ana ta sauya musu kwano, da ido irin na mai lura wanda abin bai ruɗe shi ba. Ya dawo gida, ya yi koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Abin takaici ne a ce ɗaliban Katsina kaɗan ne suka taɓa jin sunansa.

Waɗanda ba su dawo ba sun fi yawa. Ahmad Bey ya haramta bauta a Tunusiya a 1846, 'yantattun bayi suka zauna a gidajen jama'a a Tunis, kowace ƙabila da nata. Da Bature Tremearne ya je bincike gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya tarar da Hausawa a Tunis da Tarabulus suna bori, suna kiran Kure da Doguwa, ya rubuta littafi guda a kansu a 1914. Kiɗan da suka bari, wanda ake kira stambali, yanzu a dandalin bukukuwa ake yin sa, masu yawon buɗe ido suna tafi, kuma har yau akwai kalmomin Hausa a cikin waƙoƙin. Ko mene ne hukuncin mutum a kan bori, wannan shaida ce ta jini.

To, me ya kashe hanyar? Amsa uku ake yawan bayarwa. Wasu sun ce jihadi ne: Ummarun Dallaje ya ci Katsina wajen 1807, tsofaffin sarakuna suka koma Maraɗi suna kawo hari, Larabawa suka kwashe zuwa Kano. Gaskiya ne birnin ya sha wuya, domin Barth ya ƙiyasta mutanen da suka rage a cikin ganuwar ba su wuce dubu bakwai ko takwas ba. Amma wannan ƙaura ce daga kasuwa zuwa kasuwa, ayari bai daina tashi ba, kuma audugar Katsina Laka ta ci gaba da samun masu saye. Wasu sun ce hana cinikin bayi ne, tun da Daular Usmaniyya ta fitar da dokarta a 1857. Wannan ma bai isa ba, saboda bayan dokar ne cinikin gashin jimina ya bunƙasa a shekarun 1870, kuma binciken Marion Johnson ya nuna cewa har bayan 1880 akoko da farin yadi na Mancesta ta Tarabulus suke bi a kan raƙuma su iso Kano. Na uku sun ɗora laifin a kan Italiya, wadda ta mamaye Tarabulus a watan Oktoba na 1911.

Hujja ta fi ƙarfi a wajen jirgin ƙasa. A wannan shekarar ta 1911 dogo ya iso Kano, aka buɗe shi a 1912. Kayan da ke shafe watanni a hamada, ana biyan Buzaye kuɗin raƙumi da kuɗin rakiya, yanzu cikin 'yan kwanaki suna Legas. Su kansu 'yan kasuwar Gadamus mazauna Kano sun koma aika fatunsu ta teku. Yaƙi yakan rufe hanya ne na ɗan lokaci, an sha rufe ta a da ana sake buɗewa. Abin da ba ta taɓa gamuwa da shi ba shi ne kishiya mai araha. Tawayen Buzaye ƙarƙashin Kawusan a Agadas a 1916 da 1917 da ramuwar Faransa sun tarar da ita ta riga ta kwanta. A ƙarshen shekarun 1920 dogo ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, aka kafa injin gurzar auduga, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari. Manomin Katsina Laka ya juya fuskarsa kudu, ya bar arewa a bayansa.

A daidai shekarun da Hausawa suka ɗauke ƙafa ne aka sake wa gaɓar fasali. Masu kuɗin Ingila sun fara zuwa garin Nis, a gaɓar Faransa ta yau, gudun sanyi tun ƙarni na 18, amma kwanciya a yashi cikin zafin rana sai a shekarun 1920 ta zama abin yayi. A 1936 Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi, talaka ma ya sami ranar zuwa teku. Kamfanin Club Med, wanda aka kafa a 1950, ya buɗe sansani a tsibirin Jarba na Tunusiya a 1954. Bayan 'yancin kai a 1956, gwamnatin Burgiba ta ɗauki yawon buɗe ido a matsayin sana'ar ƙasa, otal-otal suka jeru a Hammamat da Susa, har baƙin da suka shiga Tunusiya a 2019 suka haura miliyan tara. A Halƙul Wadi, tashar jiragen ruwan Tunis, da yamma titi kan cika da tebura da hayaƙin gawayi. Ana kawo kifi guda gasasshe da kansa da jelarsa, da soyayyen dankali da ƙwai, da haɗin tattasai da tumatir, ga jan yajin harisa a cikin man zaitun ana dangwala da burodi. Wannan garin, inda Musulmi da Yahudawa da 'yan Sisili da Malta suka daɗe suna zaune tare, 'yan kilomitoci ne daga tsofaffin gidajen 'yan stambali.

Man fetur ne ya sake jawo mutanen kudu. An same shi a Libiya a 1959, a shekarun 1990 kuma Gaddafi ya buɗe ƙofa ga 'yan Afirka. Sai dai sun dawo ne ba tare da tsarin da ya riƙe kakanninsu ba. Falken zamanin da yana da madugu, yana da mai masauki a kowane zango, yana da Balaraben da ke ba shi bashi a Kano a biya a Tarabulus. Saurayin yau ba shi da kowa sai direban Hilux da lambar wani ɗan garinsu. An ga sakamakon a rikicin garin Zawiya na Libiya a 2000, inda aka far wa baƙaƙen fata aka kwaso dubban 'yan Najeriya gida. An gani a watan Oktoba na 2013, lokacin da ƙishirwa ta kashe mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance, mahaifar Dorugu. An gani a hoton bidiyon cinikin mutane a Libiya a 2017, da kuma bayan jawabin Shugaba Ƙais Sa'id na Tunusiya a watan Fabrairun 2023, wanda ya sa aka riƙa korar baƙi daga gidajen haya a Tunis da Safakis.

Akwai abin da 'yan siyasar Turai ba sa son ji. Yawancin Hausawan da ke bin wannan hanya ba tsallaka teku ne a ransu ba. Suna zuwa ne su yi leburanci, su yi gadi, su yi ban ruwa a gona ko wanke-wanke a gidan abinci, su tara abin aure ko kuɗin babur su dawo. Dokar 2015 ta haɗa su da masu neman tsallakawa Turai ta yi musu kuɗin goro, ta tura direbobi hanyoyin da babu rijiya. Soke ta bai sa Libiya ta zama wurin aminci ba, kuma duk uban da ɗansa ya zo masa da maganar tafiya yana da dalilin jin tsoro.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda shi ne zai fara tsallaka iyakar arewa tun zuwan jirgin ƙasa. Maraɗi ce iyakarsa, daga can zuwa Agadas da Tarabulus sauran aiki na mota ne. Mutumin Sabuwa ko Faskari kuwa, kafin ya kai ga tashar, sai ya fara ratsa hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, wadda direbobi da yawa suka daina bi bayan la'asar.